Marini da Rijiyar Waliyyi

An ce wani sarki daga cikin sarakunan da suka shuɗe ya mulki wani birni mai ganuwa, wanda a tsakiyarsa akwai wata rijiya da ake kira Rijiyar Waliyyi. Kakan sarkin ne ya haƙa ta da hannunsa, kuma bawan Allah ne na gaske, babu mai musun wannan. Tun daga zamaninsa ba a naɗa sarki a birnin sai ya kurɓi ruwanta a gaban jama'a, ba a yi wa jariri wankan suna sai da shi, malamai kuma ba sa wanke allon rubutun sha da wani ruwa in ba nata ba. Fada tana da tata rijiyar a cikin gida, amma yawancin gari nan suke zura guga. Majema kaɗai aka hana matsowa saboda warin fata, su sai su je wata tsohuwar rijiya can bayan ƙofar gari su ɗebo.

Wata shekara da damina ta yi tsakiya, sai annobar amai da gudawa ta sauka a birnin. Allah ya kiyashe mu da irinta! Mutum ya je sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya zurma, fatarsa ta yamushe, kafin a kira masa malam ya cika. Masu haƙa kabari suka gaji har suka riƙa haɗa mutum biyu a rami ɗaya. Kasuwa ta watse, maƙwabci ya daina leƙa maƙwabci. Tsoro ya kai inda uwa in ta ji ɗanta ya ce cikinsa na murɗawa, sai ta ɗora hannu a ka tun bai kwanta ba.

To, ka san halin mutane. Da ciwo ya tsananta sai suka ƙara rungumar rijiyar. Malamai suka duƙufa rubutu ba hutawa, ana wankewa da ruwanta, a ɗura wa mai ciwo don ya tashi, mai lafiya ya sha don kada ya kwanta. Ana sha ana mutuwa, ana mutuwa ana ƙara sha. Har aka fara raɗe-raɗin cewa majema ne suka yi wa gari asiri, tunda a unguwarsu ko ciwon kai ba a yi ba.

Akwai wani dattijo a unguwar marina ana ce masa Gwadabe. Marini ne gaba da baya, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, ba sabulun da zai fid da su. A ƙuruciyarsa ya yi karatu a gaban Liman Ƙasimu, babban malamin birnin, har ya yi nisa a fiƙihu, sannan ya koma sana'ar ubansa. Yana da ɗan zaure inda magidanta, marina da maƙera da masaƙa, suke zuwa bayan la'asar yana biya musu karatu. 'Yarsa guda ɗaya, Kubura, ita ma annobar ta tafi da ita, kuma shi da hannunsa ya ɗaga kanta ya ba ta rubutun. Allah sarki.

Bayan sadakar uku, Gwadabe bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya shiga gari gida-gida, inda aka yi rashi da inda ba a yi ba, tambayarsa ɗaya ce: a ina kuke ɗiban ruwa? Ya kwana bakwai yana wannan yawo. Ran na takwas ya zauna a zaurensa, ya rufe littafi, ya ce wa ɗalibansa, "Yau karatunmu na ruwa ne. Kada wanda ya ƙara sha daga Rijiyar Waliyyi. Wanda ba shi da wata, ya tafasa kafin ya sha."

Tirƙashi! Kafin gari ya sake wayewa maganar ta zagaye birni. Liman Ƙasimu ya sa aka rufe zauren, dogarai suka tasa ƙeyar Gwadabe zuwa fada, jama'a na biye ana jifansa da tsakuwa.

Shi kuwa sarki, in gaya maka gaskiya, ba mugu ba ne, matsoraci ne. Yana tsoron ciwon, yana tsoron talakawansa da baƙin ciki ya kusa haukatawa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne a ce rijiyar kakansa ba ta da albarka, domin bai san abin da zai rage masa na sarauta ba in wannan ta faɗi. Ya zauna a kan karaga fuska a murtuke, Liman na damansa, Hauni mai sare kawuna na tsaye daga bakin ƙofa.

Sarki ya ce, "Kai marini, an ce ka ce rijiyar kakana ita ke kashe mutane."

Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na faɗa."

"Zan yi maka tambaya uku. In ka kasa ɗaya, ba za ka ga la'asar ba. Kai da kakana, wa ya fi wani sani?"

"Ya sarki, kakanka ya fi ni sanin Allah nesa ba kusa ba. Ni kuwa na fi shi sanin abin da aka haƙa bayan rasuwarsa."

Sarki ya ce, "Me aka haƙa?"

"Kududdufin da ke bayan masallaci, ranka ya daɗe. A zamanin mahaifinka aka ɗebi ƙasa a wurin don gyaran ganuwa, ramin ya zauna, ruwa ya taru. Yanzu can ake wanke zannuwan masu ciwo, can ake zubar da abin da ya fito daga cikinsu. Tsakaninsa da rijiya taku saba'in ne, na auna da ƙafata. Kuma kududdufin yana sama, rijiyar tana gangare."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Ta biyu. Ciwo daga Allah yake, ko daga ruwa?"

Gwadabe ya ce, "Ya sarki, abincin da ka ci yau, Allah ne ya ba ka, ko tukunya?"

Wani bafade ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya haɗiye ta. Sarki ya ce, "Allah ne ya ba ni, ta hanyar tukunya."

"To haka ciwon nan, ranka ya daɗe. Kuma da za ka ga ƙazanta a tukunyar, ba za ka ce wa mai dafuwa ta bar ta haka tunda Allah ne mai ciyarwa ba."

Sarki ya ce, "Ta uku. Ƙasa ce tsakanin kududdufi da rijiya, ƙasa mai tauri. Da wane ido ka ga ruwa yana ratsa ta? Ko kana da'awar sanin gaibu ne?"

"A'uzu billahi! Ni marini ne, ya sarki, rayuwata duk a bakin rami na yi ta. Shekarun baya ramin rinina ya tsage daga ƙasa ban sani ba, sai da rijiyar maƙwabcina ta ɓaci, aka zo aka kama ni da faɗa. Tun ran nan na san ruwa yana tafiya a ƙarƙashinmu kamar yadda muke tafiya a kansa. Sannan na bi gidaje. Duk inda aka yi rashi, rijiyar nan suke sha. Majema da aka hana, ba su rasa kowa ba. Fada ma, Allah ya ƙara kiyayewa, ba ta rasa kowa ba."

Wannan ta ƙarshe ta soki sarki. Ya waiwayi Liman.

Liman Ƙasimu tsoho ne tukuf, kuma kada ka ɗauka azzalumi ne. Shi ma ya binne jikoki huɗu a wannan wata. Ya dubi tsohon ɗalibinsa ido cike da hawaye ya ce, "Gwadabe, ni na koya maka baƙi. Ka san abin da kake yi kuwa? Mutanen nan ba abin da ya rage musu sai wannan rijiya da addu'a. In ka zauna a zaure ka koya musu cewa ruwan waliyyi guba ne, gobe za su ce rubutu banza ne, jibi su ce addu'a ba ta magani. Ƙofar da kake buɗewa, kai kanka ba za ka iya rufe ta ba."

Gwadabe ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ban ce a bar addu'a ba, ban ce ayar Allah ba ta warkarwa ba. Ruwan da ake wanke ta da shi nake magana. Kai ka karantar da mu babin tsarki, ka ce ruwa yana ɓaci."

Liman ya ce, "Na karantar. Kuma na ce da abu uku ake gane ɓacinsa: launi, ɗanɗano, ko wari. Je ka ɗebo na rijiyar nan ka duba. Garau yake, ba wari, ba ɗaci. Shari'a da zahiri take hukunci, ba da zato ba."

Gwadabe ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Abin da ke kashe mu ba shi da launi. To ya sarki, a ba ni izini in ba shi launi. A bar marina su kwashe ruwan baba na rini da ke ramukansu su juye a kududdufi. In hanya babu, rijiya ba za ta san an yi ba. In kuwa akwai, abin da ya bi da ciwo zai bi da shuni."

Sarki ya ce, "Kwana nawa?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"An ba ka zuwa azahar ɗin rana ta uku. In aka ja guga aka ga shuɗi, ka tsira. In aka ga fari, Hauni ya sare kanka a bakin rijiyar."

Gwadabe ya ce, "Na yarda. Alfarma ɗaya nake roƙo, ya sarki. A rufe rijiyar cikin kwana ukun nan, a sha ta bayan gari. In na yi ƙarya, ba a yi asarar komai ba sai 'yar tafiya."

Sarki ya saurari hayaniyar da ke ƙofar fada, ya ji yadda ake kiran a fito da marini, sai zuciyarsa ta karaya. Ya ce, "In na rufe ta, na gaskata ka ke nan tun ba a gwada ba. Ba za a rufe ba."

Aka sa Gwadabe a mari. Marina kuwa, duk da tsoron da suke ji, suka fito da tuluna suka kwashe ramuka arba'in, aikin wata da watanni, suka juye a kududdufi har ya koma baƙi ƙirin. Rana ta farko aka ja guga da hantsi, fari. Aka fita da gawa goma sha tara. Rana ta biyu aka ja, fari, aka fita da ashirin da biyu. Daga inda yake ɗaure Gwadabe yana jin salatin masu wucewa da makara, kowane ya wuce sai ya ƙirga. Ya kasa cin abinci. Shakka ma ta fara shigarsa, yana cewa a ransa, in ƙasar wurin ba irin ta unguwarmu ba ce fa? In ruwan sai ya yi kwana goma kafin ya isa fa?

Rana ta uku, tun kafin rana ta take, duk mai iya tsayuwa a birnin ya hallara a bakin rijiya. Sarki ya fito cikin farar riga sabuwa fil da farin rawani. Aka kawo Gwadabe aka durƙusar da shi, aka ɗaure hannayensa ta baya. Da inuwa ta karkata, Liman ya yi bisimilla ya zura guga da kansa, ya jawo, ya juye a farar ƙwarya. Mutane suka yi ta miƙa wuya.

Ba shuɗi. Ruwa ne kawai, sai ɗan dishi-dishi kamar wanda aka jiƙa ganye a ciki, irin wanda kowa ya saba gani da damina.

Wuri ya ɗauki kabbara. Gwadabe ya leƙa ƙwaryar, idonsa ya buɗe, ya yi ƙara, "Ya sarki, a tsoma farin ƙyalle! Don Allah a tsoma ƙyalle a ɗaga!" Ina! Wa zai ji shi? Wani dogari ya doke bakinsa ya ce an yi sharaɗi da guga, ba a yi da ƙyalle ba. Hauni ya matso, ya tuɓe masa hula, ya danna kansa ƙasa.

Sai jama'a suka fara kira, "Sarki ya sha! Sarki ya sha mu gani!" Suna so a wanke rijiyarsu a idon kowa. Liman ya miƙa ƙwarya. Sarki ya karɓa, kuma wallahi da za a ba shi zaɓi a lokacin, da ya ba da rabin ƙasarsa a kan ya kai ta bakinsa, domin maganar marinin ba ta bar shi ba tun ranar farko. Hannunsa ya kama karkarwa, ruwa ya fallatsa ya jiƙa masa gaban riga da gefen rawani. Ya rufe ido ya kurɓa.

Ya ji ta. Can ƙasan harshensa ya ji ɗanɗanon toka, irin wadda marina ke zubawa a rami. Ya buɗe ido ya ga dubban fuskoki suna jiransa, ya ga tsohon da ke durƙushe. Ya haɗiye. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ruwan kakana garau yake. Hauni, cika aikinka."

Hauni ya zare takobi, ya tsaya Gwadabe ya gama kalmar shahada, kamar yadda aka saba. Tsohon yana cikin yi, sai wata tsohuwa daga gaba-gaba ta ƙwala ihu, "Wayyo Allah! Ku dubi rigar sarki!"

Inda ruwan ya zuba ya fara sauyawa. Da fari kore-kore, sannan yana shan iska yana ƙara duhu, har ya zama shuɗi sosai, tun daga wuyan riga har ciki, a gaban idon kowa. Marina da ke cikin taron suka fashe da kuka, domin su sun san abin da sauran gari ba su sani ba: ruwan baba ba ya nuna kansa a cikin ruwa, sai ya kama zane ya sha iska. Kowace rana haka suke tsamo tufa daga rami ba kyan gani, su shanya, ta rine a hannunsu.

Hauni ya sauke takobi a hankali. Liman Ƙasimu ya kama gefen rawanin sarki ya duba, ya duba, sannan ya juya ga jama'a. Abin da ya yi, ba kowane malami ke iyawa ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, launi ya sauya. Ruwan kududdufi yana shiga rijiyar nan. Ni na ce ku sha, kuma na yi kuskure. Daga yau haramun ne a sha shi ko a wanke allo da shi har sai an gyara." Ya je da kansa ya kwance Gwadabe, yana kwancewa yana kuka.

Sarki kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, hannu a ciki. Ya ce da ƙaramar murya, "Marini, na sha. Zan mutu?"

Gwadabe ya goge jinin bakinsa ya ce, "Ban sani ba, ya sarki. Wannan yana wurin Allah. Abin da na sani, in ya kama ka, a yi ta ba ka tafasasshen ruwa, kada a gaji."

Ya kuwa kama shi. Washegari da hantsi sarki ya kwanta, ya kwana biyar tsakanin rai da mutuwa, yana ganin abin da talakawansa suka gani. A cikin kwanakin aka rufe rijiya, aka fara cike kududdufi, majema suka buɗe wa gari tasu ba tare da gori ba. Kafin sati biyu makara ta daina fita.

Ran da sarki ya iya zama, ya sa aka tara fada, aka kira Gwadabe da Liman. Ya rame har ba a gane shi. Fadawa suka fara kirari, ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, "Gwadabe, mutum nawa aka binne a kwana ukun da ka roƙe ni in rufe rijiya na ƙi?"

"Hamsin da takwas, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Akwai abin da ba wanda ya sani sai ni da Allah, kuma na yi alkawari a kan shimfiɗar ciwo in na tashi zan faɗa. Liman ya yi kuskure ne, bai sani ba. Ni na sani. Na ji tokar a bakina kafin rigata ta nuna, na haɗiye, na ce a sare ka. Da hannuna bai yi rawa ba, da yanzu kana kabari, gari na biye da kai. Ka yi mini hukuncin da ka ga dama."

Gwadabe ya ce, "Ya sarki, nawa na yafe. Na hamsin da takwas ɗin ba ni da ikon yafewa, sai ka bi gidajensu. Abin da nake roƙo, a buɗe mini zaurena. Kuma Malam ya riƙa zuwa, in an karanta babin tsarki a littafi, a tashi a je a duba inda ruwan yake fitowa."

Liman ya ce, "Zan zo, in Allah ya yarda. Ka tanadar mini buzu."

Sarki ya miƙe da ƙyar, dogarai suka matso za su riƙe shi, ya ce su bari. A ranar ya fara bin gidajen da ƙafarsa, ba laima, ba mai busa, yana tsayawa a ƙofar kowane gida ya yi sallama ya jira a ba shi izini. Wasu suka karɓe shi, wasu suka bar shi a tsaye. An ce har ya rasu, duk alƙalin da zai naɗa sai ya kama hannunsa ya ce masa, "Gaskiyar da ta fito fili kowa ma ya yi hukunci da ita. Adalci shi ne ka saurari mutum tun maganarsa ba ta yi launi ba."